Gonar da Ta Fi Kyau a Bakin Kududdufi

Ruwan fari ya sauka, gadon bayan Baba Badung kuwa ya ƙi miƙewa. Irin dankalin turawa yana zube a ɗaki, ya riga ya fitar da ido, wani har ya fara yanƙwanewa. In mako ya wuce bai shiga ƙasa ba, noman bana ya tafi.

Matarsa Loyis ta ce ya kira gayya kamar kowa. Ya ƙi. Tun ana haƙar kuza a ƙasar nan ba wanda ya taɓa ɗaga masa garma. Kuma in ya kira, Mwadkon zai ji. Mwadkon maƙwabcinsa ne na gona, shingen ƙerana kawai ya raba su, a bakin tsohon kududdufin kuza. Ba sa magana tun shekarar da akuyar Mwadkon ta ci kabejin Badung. Akuyar ta daɗe da mutuwa.

Sai Badung ya yi dabara. Ranar kasuwa ya ja Akanni gefe, wato dillalin da ke sayen dankalinsa yana kaiwa kasuwar Terminus, wanda kuma shi ne shugaban zumuntar maza a wata majami'a a Kuru. Ya ce ya kawo masa mutanensa ranar Asabar da sassafe, su yi huɗa su tafi kafin ƙauye ya farga. Akanni ya yarda, ya tambayi wanda zai nuna musu gonar.

"Ba sai an nuna ba," in ji Badung. "Ku je bakin kududdufi. Gonar da ta fi kyau, ita ce tawa."

Ranar Asabar Loyis ta dafa gwaten acca babbar tukunya, da yakuwa da gauta da ƙashin sa. Ta ɗora a baro tana turawa, Badung yana biye da sanda, yana tafiya kamar mai neman allura a ƙasa. Tun daga nesa suka ji waƙar zumunta da ƙarar garma. Badung ya gyaɗa kai, ya ce mutanen Kuru sun san aiki.

Suka shiga ta ƙofar shingensa. Gona tana nan yadda ya bar ta, ciyawa har gwiwa. Waƙar daga wancan gefen take fitowa.

Ya leƙa ta tsakanin ƙerana. Jar ƙasa a kwance, kunyoyi a jere har bakin ruwa. Mwadkon yana zaune a kan dutse, ya harɗe ƙafa, yana nuna wa baƙi inda za su ƙara tsayi.

Da suka zagaya, Akanni ya taho yana share gumi, fuska cike da murna. Ya ce ko wahalar nema ba su sha ba, suna isowa suka gane ta. Ya ce ta kusa da ita dai abin tausayi ce, da gani ta gwauruwa ce ko ta marar lafiya, har sun tsaya sun yi wa mai ita addu'a. Ya kuma yaba wa wannan dattijo na kan dutse, mutumin kirki.

Badung ya juya ga Mwadkon.

"Kai ba ka da baki ne?"

"Maƙwabci, tambayata suka yi ko wannan ce gonar da ta fi kyau. So kake in yi wa mutanen majami'a ƙarya?"

Akanni ya dafe kai, ya yi ta ba da haƙuri. Amma mutanensa sun gaji, motarsu tana jira, rabinsu kuma bikin aure za su. Badung ya tsaya ya tuna irin da ke ɗaki.

Loyis ta tsayar da baro. Ta buɗe tukunya, domin wanda ya yi aiki dole ya ci, ko a gonar wa ya yi. Ta zuba wa kowa. Sannan ta cika babban kwano, ta ɗora ƙashi mafi tsoka, ta durƙusa ta miƙa wa Mwadkon. Badung ya harare ta, ta yi kamar ba ta gani ba.

Mwadkon ya shaƙi ƙamshi. Ya ci, ya nemi ƙari. Sai da ya suɗe kwano Loyis ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba Mwadkon, gwaten gayya ya yi gishiri kuwa?"

Yatsansa ya tsaya a baki. A ƙauyen nan ko jariri ya sani: wanda ya ci abincin gayya, garmarsa ta mai tukunya ce har a gama gona. Ga kuma shaidu, duk 'yan majami'a.

Ranar Litinin Mwadkon ya iso da garma, da surukansa, da rabin ƙauye waɗanda suka zo jin labari aka miƙa musu aiki. Abin da Badung ya ɓoye, har mata masu wanki a kududdufi sun ji shi. Amma dankali ya shiga ƙasa kafin ruwan la'asar.

Badung ya zauna a kan dutse, ya harɗe ƙafa duk da ciwon baya. Da aka gama ya taka a hankali, ya duba aikin daga farko har ƙarshe. Ya ce wa Mwadkon layinsa na bakin shinge ya karkace, ya dawo gobe ya gyara.

Mwadkon ya saɓa garma. Ya tambayi Loyis ko goben akwai gwate.