Tsayar Mini da Mota

Ranar da za a sallami mijinta daga asibiti, Likita ta shigo ɗakin masu ciwon hanta da ɗalibanta a baya, kowa da farar riga, suka kewaye gadon kamar an zo ganin jariri. Matar mai aski ta tashi daga kujerar robar da ta zame mata gida, ta gyara mayafi za ta ba su wuri.

"Ina za ki, Mama? Zauna," in ji Likita. "Darasin yau naki ne kafin ya zama nasu. Waɗannan wata mai zuwa suna wani ɗakin. Ke kuwa da ke zai kwana, da ke zai tashi."

"Ai ba ki yi ƙarya ba, Likita," mai aski ya ce daga kan matashi. "Ita ke da ni. Ku aro na kawai ta ba ku."

Ɗalibai suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ita dai kallonsa take. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, farin idonsa ya yi rawaya, cikin da aka zuƙe wa ruwa ya saki kamar rigar da ta yi wa mai ita yawa. Hannuwansa ne kawai ciwon bai taɓa ba. Dogayen yatsu, farce a yanke tas. Su ta fara gani tun tana budurwa, ranar da ta raka ƙanenta aski, ta tsaya a bakin shago tana kallon yadda yake tallafe kan yaron kamar ƙwai. Ba ta taɓa gaya masa ba, amma hannuwan nan ta aura, sauran jikin ya biyo baya.

Likita ta zauna a bakin gado. "Hanta rariya ce, Mama. Duk abin da hanji ya tsotsa, sai ya bi ta cikinta ta tace shi. Tasa ta yi tabo ta taurare, ba ta iya tace komai da komai. In datti ya zauna a hanji, sai ya bi jini ya hau kai. Mutum ya fara barcin rana ya kasa na dare. Ya manta inda ya ajiye takalmi. In aka bari, sai ya manta ke."

Kalmar ƙarshen nan ta faɗa mata a ƙirji, ta zauna.

"Malam, miƙe hannuwanka. Ɗaga tafin sama, ware yatsu, kamar ɗan sandan da ke tsayar da mota. Yauwa." Ta juya ga wani ɗalibi. "Me muke nema?"

"Rawar hannu, Likita."

"Wace iri? Mai jin sanyi ma hannunsa na rawa. Wannan faɗuwa hannun ke yi ya dawo, kamar fiffiken tsuntsu. Mama, matso ki gani. Yau a tsaye suke cak. Haka nake so ki gan su kowace safiya."

Daga nan ta ɗauko kwalbar wani maganin ruwa mai kauri, mai zaƙi kamar zuma. Aikinsa, in ji ta, ya sa shi fita bayan gida sau biyu ko uku a yini, mai laushi, don dattin kada ya samu wurin zama. Ba gudawa ake so ba, amma in ya yini bai fita ba, abin damuwa ne. Gishiri kaɗan. Kada a bar shi da yunwa don wai ana tausayin hanta, a ba shi ƙwai, kifi, wake, madara, ya kuma ci wani abu kafin ya kwanta. Babu maganin ciwon jiki ko jiƙe-jiƙen da wani ya kawo sai an tambaya. In ya yi aman jini ko bayan gida ya yi baƙi, a taho ko ba takalmi.

Ta haddace kowace kalma kamar mai shirin jarrabawa. Kafin su kai gida har ya raɗa mata suna, Likitar Gida.

Makonnin farko sun tafi lafiya. Da safe ta kan tsaya gabansa da cokali a hannu ta ce, "Maigida, tsayar mini da mota." Shi kuma ya miƙe hannu ya ɗaure fuska. "Tsaya, Hajiya. Ina takardun mota?" Ta harare shi, ta ɗura masa maganin, ya yamutsa fuska ya ce zaƙin nan ko a aure bai ga irinsa ba. Sannu a hankali ya koma shago.

Shagon ɗan ƙarami ne a jerin shaguna, da kujera mai juyawa, madubi mai tsage a kusurwa, fanka mai kukan tsufa, da bencin da ke ɗaukar masu hira fiye da masu aski. Makewayi ɗaya ne na jerin gaba ɗaya, can baya, makullinsa rataye a ƙusa a shagon tela. Duk mai buƙata sai ya ratsa gaban kowa ya je ya karɓa.

Wata rana ya dawo gida bai yi mata wasan da ya saba a bakin ƙofa ba. Ya ci abinci shiru. Sai da ta kwashe kwanuka sannan ya ce, yana kallon tabarma, "Yau na bar Direba da rabin kai a kujera na ruga makewayi. Har sau biyu."

Direba amininsa ne tun ƙuruciya, mai bas, mutumin da bakinsa ba ya hutu.

"Me ya ce?"

"Wai aski nake ko tsere. Wai tela ya fara karɓar haya a kan makullin. Benci gaba ɗaya suka kwashe da dariya, har yaran da na yi wa askin farko." Ya ɗago ya dube ta. "Ba da mugunta ya faɗa ba, na sani. Amma ki ɗaga mini maganin nan zuwa ranar hutu. Na roƙe ki."

Shekarun da suka yi tare, bai taɓa ce mata na roƙe ki ba. Ta kalli furfurar da ke gefen kunnensa, ta ji kamar ita aka yi wa dariyar. Washegari ta ɗauki kwalbar, ta riƙe, ta mayar bayan gwangwanin shayi. Kwana kaɗan ne, ta ce wa ranta. Mutum ai da mutuncinsa yake rayuwa.

Abin da ba ta ce wa ranta ba shi ne ta daina cewa ya tsayar mata da mota. Kullum sai ta sami wani aiki a daidai lokacin, ko ruwa ya tafasa, ko wanki na jira. Tana tsoron abin da za ta gani.

Ya daina zuwa wurin tela karɓar makulli, ya dawo da fara'arsa. Sai kuma ya fara gyangyaɗi a kan abincin rana. Ya nemi hularsa ɗaki-ɗaki tana bisa kansa. Da ta tambaye shi ko ya fita bayan gida, ya ce, "Ke kam, Likitar Gida, har wannan sai an kawo miki rahoto?" Ya yi dariya, amma dariyar ta zo a makare, kamar daga wani ɗaki.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ta kai masa abinci. Benci a cike, rediyo na magana. Direba na kwance a kujera, ya rufe ido, kumfa ya rufe masa haɓa da maƙogwaro, yana ba da labarin wani fasinja da ya shigo masa da akuya. Mijinta na tsaye a kansa da reza a hannu. Ɓangare ɗaya na gemun an aske. Rezar na rataye a iska dab da wuyan Direba, shi kuwa yana kallon madubi kamar ya ga baƙo a ciki.

In ta yi ihu, hannun zai iya zabura. In ta ƙwace rezar a gaban jama'a, ta gama da shi a layin nan, ba wanda zai sake miƙa masa wuya. Ta ajiye kwanon a hankali, ta matsa ta tsaya inda zai gan ta, ta sassauta murya kamar suna tsakar gida.

"Maigida. Tsayar mini da mota."

Ya juyo. Ya daɗe yana kallonta, ta ga yana lalubenta a fuskarta, zuciyarta na cewa ni ce, ni ce fa. Sai jikinsa ya tuna abin da kansa ya manta. Ya ɗora rezar a kan tebur, ya miƙe hannuwa biyu, ya ware yatsu.

Suka faɗi suka dawo. Suka sake faɗuwa.

Direba ya buɗe ido, ya kalli hannuwan, ya kalli rezar, ya kalli ta. Labarin akuya ya tsaya a tsakiya.

"Matarmu, me ke nan?"

"Ciwon ne ya hau kai. Maganin da ke sa shi zirga-zirga shi ke hana haka. Mun ajiye shi."

Direba ya cire tawul daga wuyansa, ya kama amininsa ta kafaɗa. "Taso, mutumina. Yau ni zan tsayar da mota, kai ka hau." Ga masu benci kuwa ya ce, "A rufe shago. Wanda ke da magana ya same ni."

Haka ya tuƙa su da rabin gemu da busasshen kumfa a wuya, ita a baya ta riƙe hannuwan mijinta a cinyarta tana jin suna motsi kamar an kama tsuntsu.

A asibiti aka ɗebi jini, aka duba ko zazzaɓi ne ko jini na zuba a ciki, ba a samu ba. Aka dawo da maganin akai-akai har cikinsa ya saki. Ta jira faɗan Likita, ta ma shirya kanta. Da Likita ta zo da ɗalibai, ta saurari labarin tun daga makullin tela har zuwa gwangwanin shayi, sannan ta juya gare su.

"Kun ji? Mun ce ya sha. Mun faɗi sau nawa zai fita. Cikinmu wa ya tambaye shi ina makewayinsa yake, kuma me ke hannunsa in abin ya taso?" Ta nuna ƙirjinta. "Ni ma ban tambaya ba." Ta dubi matar. "Mama, ba a ajiye shi, ko na yini ɗaya, sai dai a gyara lokaci. Ya sha da sassafe, ya gama da cikinsa a gida kafin ya buɗe shago, sauran in ya tashi aiki. In bai yi ba ki dawo mu sake lale. Reza kuwa, ranar da hannu ya faɗi, ba reza, nan za ku taho."

Da yammacin rana ta uku ya farka ya same ta tana ɓare masa lemo. Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da, mai nauyi.

"Likitar Gida," ya ce a hankali. "Kin rame. Wa ke kula da ke?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan ɓawon lemon, ta ce yajin ɓawon ne ya shiga mata ido.

Direba ya zo ranar sallama, gemun nan har yanzu ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya ce ba mai taɓa shi sai wanda ya fara. Ya zaro sabon makulli daga aljihu, da zare ja a jiki, ya jefa a kan gado. "Na yanko maka naka. Ka bi ta ƙofar baya, ko tela ba zai san ka motsa ba. In ka bar ni da rabin kai kuma, zan jira. Ina zan je da shi?"

Tun daga lokacin ita ke ajiye fakitin reza, a jakarta, ƙarƙashin mayafai. Ciwon bai tafi ba, Likita ta gaya musu ba ya tafiya, sai dai a zauna da shi da dabara. Akwai safiyar da ba ta ba shi rezar ba, ya sa hula ba musu suka nufi asibiti.

Amma safiyar da zai koma shago karon farko bayan wannan sallamar, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan tabarma. Ya sha maganinsa, ya gama da cikinsa, ya yi wanka. Ya tsaya gabanta ya miƙe hannuwa tun kafin ta ce komai. Ta duba. A tsaye suke cak, dogayen yatsun nan a ware.

"To, Hajiya, mota ta tsaya," ya ce. "A ba ni kayan aikina, Direba na jira da gemu."

Ta ɗaga nata tafukan ta haɗa da nasa, yatsa a kan yatsa.

"Wannan kuma yana cikin abin da Likita ta koya miki?"

"Yi shiru," ta ce. "Ban gama dubawa ba."