Littafin Datti Zai Fito a Silima

Datti ya tsaya a gaban fastar da aka manna a bangon silima har rana ta fara dukan ƙeyarsa. Wani Bature ne riƙe da bindiga, mace na kuka a bayansa. Sunan littafinsa ne a sama da jan rubutu. A ƙasa kuma an sa yau Asabar, bayan isha'i.

Tun da ya gama sakandare bai sami aiki ba. Abin da yake taƙama da shi a unguwarsu Abakpa littafin nan ne, wanda ya saya a wurin mai tsofaffin littattafai. Kullum da yamma a teburin mai shayi yakan juya wa samarin unguwa shi da Hausa: yadda aka tsinci gawar wani attajiri a ɗaki, ƙofa a kulle ta ciki. Har shayi ake saya masa. Abin da ba wanda ya sani shi ne babin ƙarshe a yage yake tun ranar da ya saye shi. Shi ya ƙaga ƙarshen da kansa, ya ce matar ce ta yi kisan.

Kowa ya yarda, ban da Idris mai gyaran keke.

"Ni fa sufeton 'yan sandan nan na cikin labarin bai kwanta mini ba," in ji Idris. "Wa ya gaya masa inda makullin yake?"

"Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa? Koma wa tayoyinka," in ji Datti.

Akan yi dariya. Amma jiya sai ya ce zai shiga silima, karo na farko a rayuwarsa, ya gani da idonsa.

"Rawani zan naɗa in rufe fuska. Don Allah kada maganar ta kai Unguwar Shanu."

A can Malam Ahmadu yake, wanda ya yi wa Idris alkawarin 'yarsa Zuwaira. A wurin Malam, silima da gidan giya duk ɗaya ne.

Sauran samarin ba su dami Datti ba. Ba sa jin Turanci, shi zai fassara musu, duk abin da ya faɗa shi ke nan. Idris ne mai kallo ya yi tambaya.

Bayan azahar Datti ya durƙusa a zauren Malam.

"Allah gafarta Malam, ba gulma ta kawo ni ba. Mutuncin gidan nan nake ji."

Ya faɗi maganar rawanin. Da ya ga Malam bai ɗago ba, sai ya ƙara da cewa, "Kuma ba yau ya fara ba."

Malam ya daɗe yana jan carbi. "Allah ya yi maka albarka, yaro."

Shi dai a zatonsa kiran Idris za a yi a hana shi fita. Kafin magariba sai labari ya iso teburin shayi: an mayar wa iyayen Idris goronsu da kayansu. Ana ta salati. Datti ya hura shayinsa, ya shanye.

Bayan isha'i suka cika bencin gaba, silimar ba rufi, taurari a samansu, masu gyaɗa na ratsawa. Datti na tsakiya, yana nuna musu inda za su sa ido. Sai ya ji an dafa kafaɗarsa.

Idris ne. Ba rawani, fuska a buɗe, idanu jajur.

"Matsa mini, Malam Datti."

Datti ya matsa.

"Yanzu ai ba ni da wanda zan ɓoye wa," in ji Idris, yana zama. "Malam ya ce wani yaro ɗan boko ne ya cece shi. Sai sa masa albarka yake yi."

Idris ya kama hannun Datti, ya riƙe tamau da yatsunsa masu baƙin mai.

"Fassara mini. Kada ka tsallake ko kalma. Har ƙarshe."

Aka kashe fitilu.