Safar da Ba Ta da Kuskure

Kasuwar sanyi ta ƙauyenmu tana ci ne ranar Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti, a zauren taro na bayan coci. Masu saƙa da masu sassaƙa su baje kaya, a ɗora tukunyar giya mai zafi, mutanen birni su zo su yi ta ɗaukarmu hoto kamar jiya aka tono mu. Ni Toader cokulan katako nake sassaƙawa. Da yake an san ni da karance-karance, aka sa ni a kwamitin kasuwar, aka ba ni riƙon hatimi.

Hatimin sabon abu ne. Bara wani baƙo ya tsinci takardar masana'anta a cikin hular da ya saya, ya cika duniya da surutu. Shi ya sa bana magajin gari Gavril ya ɗauko wata ƙwararriya daga birni, Madam Otilia, ta duba kayan kowa. Wanda ta yarda aikin hannu ne in buga masa hatimi a kati. Wanda ta ƙi ya bar tebur.

Iliminta bai wuce magana ɗaya ba: hannu yana kuskure, inji ba ya yi. Kafin ta gama kakkaɓe dusar ƙanƙara daga rigarta maganar ta zaga zaure. Maza suka juya baya suna kankare gefen akusa da wuƙa. Floarea, matar magajin gari, wadda kowa ya san buhu-buhu take saro safa daga birni, ta riga kowa shiri. Ta tsinke zare nan da can, ta rataye kayan kwana uku a ɗakin da ake ƙyafe naman alade. Madam Otilia ta shinshina, ta lumshe ido, ta ce tana jin ƙamshin kakanni. Na buga hatimi.

Sai aka zo kan Gwaggo Parasca. Shekara arba'in ke nan teburin da ke kusa da murhun ƙarfe mai ɗumama zauren nata ne. Tumakinta bakwai, ita take aske su, ta wanke gashin a rafi, ta kaɗa zaren. Uwarta da duka ta koya mata saƙa, duk inda zare ya kauce sai tsinken saƙa ya sauka a yatsa. Tun tana 'yar shekara goma rabonta da kuskure.

Madam Otilia ta juya safar da Gwaggo ta saƙa ciki da waje, ta sa tabarau, ta sake dubawa.

"Inna, wa ya saƙa miki waɗannan?"

"Kerkeci ne, 'yar nan. Yakan sauko daga dutse ran Talata mu yi hira."

Aka yi dariya, amma Madam ta ce tunda ba kuskure ko ɗaya, ba hatimi. Gavril ya ɗaga kai yana nazarin rufin zaure. A lokacin nan safar Gwaggo ce a ƙafarsa, kamar yadda take a ƙafar rabin mutanen wurin. Ba wanda ya cire takalmi ya nuna.

Na sunkuya na raɗa mata ta tsinke zare ɗaya kawai, ba wanda zai mutu.

"Kai ma ka ɓata naka, Toader?"

Gaskiya ne, cokali uku na kankare ɗazu.

Ta ciro tsinkayenta ta ce za ta saƙa a gaban kowa. Baƙi suka kewaye ta da wayoyi. Ta fara saƙa, idon kowa a kanta. Wajen diddige, zare ya kauce. Madam Otilia ta yi farin ciki ƙwarai, ta nuna wa baƙi wurin, ta ce wannan shi ne hannun ɗan Adam. Ta ce in buga hatimi, na buga da sauri kafin wani ya sake tunani.

Gwaggo ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta warware saƙar har inda ta ɓaci, ta sake saƙawa sumul, ta ajiye a gaban Madam.

"Wannan ce tawa. Waccan ku kuka saƙa ta."

Madam ta duba, ta ce ta ji ba daɗi, amma doka doka ce, sai an karɓe katin. Gwaggo ba ta bari an karɓi katin ba. Ta buɗe murhu ta jefa shi, ta kwashe kayanta a kwando ta fita. Kafin benci ya huce Floarea ta shimfiɗa ragowar buhunta a teburin. Ta sayar da su kaf. Ni ma cokulan nan uku su aka fara saye.

Washegari na tarar da safa biyu a ƙofata, ba saƙo. Duk tsawon sanyin nan nakan zauna bakin taga in juya su, ina neman wuri ɗaya da zare ya kauce, ko na sami abin da zan ce wa kaina. Har ƙanƙara ta narke ban samu ba.