Kwalayen Bayan Kabad

Dakta ya yi furfura a kan kwantiragi. Jami'a bayan jami'a yake koyar da cinikayyar ƙasa da ƙasa, shekara na ƙarewa a ce masa an gode. Shi ya sa littattafansa ba su taɓa barin kwali ba. A kan kwalayen ma yaransa suke cin abinci.

Bana aka ce sashen da yake koyarwa zai ɗauki malami na dindindin. Shugaban sashe ya tare shi a baranda.

"Dakta, kai ne masanin fannin. Wane irin mutum ya kamata mu nema?"

Da mai wayo ne, kansa zai siffanta. Dakta kuwa, Allah sarki, sai ya ji kamar ɗalibi ne ya ɗaga hannu. Ya gyara tsayuwa ya zuba lacca: zamanin buɗe iyakoki ya wuce, yanzu da takunkumi da harajin kaya ƙasashe suke dambe, a nemo wanda ya san wannan. Ya manta shi a kan yarjejeniyoyin buɗe iyakar ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Shugaba sai gyaɗa kai yake yi.

Ya koma gida da murna.

"Maman yara, a fito da littattafan nan. Kwalayen kuma a zubar."

"Ka tabbata, Baban yara?"

"Wannan karon mun zauna."

Har kafinta ya kira aka buga kantar littattafai a falo.

Wata matashiya aka ɗauka, wadda ta yi digirinta a kan takunkumi. Shugaba ya riƙe hannun Dakta da hannu biyu.

"Maganarka muka bi, ba mu ƙara ko gishiri ba. Ka taimaki sashen nan."

Dakta ya nemi wanda zai ji haushinsa ya rasa, don ya karanta aikin yarinyar, kuma ta cancanta.

Da ya koma gida, a falo ya tsaya gaban kantar. Matarsa ta dubi fuskarsa ta shige ɗaki. Ya ji tana jan kabad. Ta fito da kwalayen a ninke, ɗaure da igiya, ko ɗaya bai ɓata ba.

"Ashe ba ki zubar ba?"

"Ban zubar ba."

Wannan ya fi rashin aikin yi masa ciwo. Ita da take masa addu'a kullum, ko yini ɗaya ba ta sa rai ba.

"Salatif yana cikin durowa," in ji ta. "Ka fara da masu nauyin."