Da Sauransu

Sakatare ya buga sandarsa a jikin kantar ɗakin adana takardu sau biyu, ba don ba a gan shi ba, sai don a san ba kowa da kowa ne ya shigo ba.

"Ina son ganin babbanku," ya ce.

Matar da ke kula da ɗakin adana takardun ta dube shi ta saman tabarau. "Ni ce babbar, Baba, ni ce kuma ƙaramar. Sauran sun tafi taro. Me ake nema?"

Auta, 'yarsa, wadda ta baro aikin jinya a asibiti don ta tuƙo shi, ta miƙa wata 'yar takarda mai ɗauke da sunan kakansa da sunan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Matar ta karanta, ta nuna musu benci, ta shige ciki.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Sakatare ya yi ritaya, amma sunan ofis ya ƙi sakinsa, shi ma bai yi ƙoƙarin ƙwacewa ba. Da ya rasa fayil ɗin da zai sa wa hannu, sai ya koma kan matattu, tunda su ba sa gardama. Ya rubuta tarihin zuri'arsu, shafi casa'in da huɗu, yana can wurin mai ɗab'i, kuma ranar Asabar za a raba shi a taron dangi. Shafi na bakwai kaɗai aka bari fari fat. A nan za a sa hoton takardar da ta tabbatar cewa Kaka shi ne babban akawun tasha.

Da komai ya tafi daidai in ba don Gwaggo ba, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta haura casa'in, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga Kaka da idonsu. Rannan yana karanta wa dangi gabatarwar littafin, ta katse shi daga kan tabarmarta.

"Akawu? Baban da na sani dai gawayin jirgi yake ɗauka a ka. Har ya bar duniya babu gashi a tsakiyar kansa."

Aka kwashe da dariya. Ɗan baffansa Direba har da riƙe ciki. Sakatare ya miƙe, ya ce maganar baki iska ce, takarda ita ce shaida, kuma in bai kawo ta kafin Asabar ba, kada wanda ya sake kiransa Sakatare. Direba ya ce to, sun ji, za su fara neman wani sunan tun yanzu.

Ɗakin karatun yana da dogon tebur, da fanka mai juyawa kamar an tilasta mata, da warin tsohuwar takarda. Sakatare ya shaƙi warin ya lumshe ido.

"Kin ga nan, Auta? A ginin nan na fara aiki, a ɗakin kwafi, ina ɗan shekara ashirin da biyu. Lokacin ana aiki, ba irin na 'yan yanzu ba, masu latse-latsen waya. Mu in ka manta ɗigo ɗaya sai ka sake shafin."

"Ka faɗa mini, Baba."

"To, na sake faɗa miki."

Mai tabarau ta dawo rungume da wata ƙatuwar rajista mai baƙin bango, ta ajiye a hankali, ta karɓe bironsa ta ba shi fensir. Ya karɓa yana hararar fensirin kamar an ba shi sandar makiyayi.

"Wannan kwafi ne," ta ce. "Na asalin ruwa ya jiƙa shi, gara ta ƙarasa. Kusan shekara hamsin ke nan aka sake rubuta su duka, aka ƙone tsofaffin."

"Ni za ki gaya wa? Da hannunmu muka yi. Rajista sun fi ɗari uku. Aikin maza!"

Ya ciro gilashinsa mai ƙara girman rubutu, domin idon ya ja baya, kalma ɗaya-ɗaya yake iya gani. Ya fara daga sama. Shugaban tasha. Mataimakinsa. Babban akawu. Ya tsaya a nan, ya goge gilashin da hannun riga, ya sake dubawa. Sunan wani ne daban, wanda bai taɓa ji ba. Akawu na biyu, na uku, masu sayar da tikiti, direbobi, masu gadi. Ya kai ƙasa, ya koma sama, ya sake gangarowa. Auta ta ga gumi ya tsattsafo a ƙeyarsa, ta yi kamar tana duba waya.

A ƙarshen shafi na huɗu layi ɗaya ne ya rage: *Leburori da 'yan dako, mutum 211, da sauransu.* Daga nan sai fararen shafuka.

"Ina sunayen?" Sakatare ya tambaya.

"Abin da kowa ke tambaya ke nan," in ji mai tabarau. "Duk sauran tashoshin akwai leburorinsu, kowa da sunansa da na ubansa da ranar da aka ɗauke shi. Wannan ce kaɗai mai kwafin ya tsallake. Shafi goma sha ɗaya ya haɗiye a layi ɗaya. Ba a wata biyu wani bai zo neman kakansa a nan ba. Kwanaki wata tsohuwa ta yi tafiyar kwana guda, ta zauna nan inda kake, ta yi kukanta ta koma."

Sakatare ya samu inda zai sauke takaicinsa. Ya daki teburin da tafin hannu.

"Wane malalaci ne wannan? Wane maras kunya, maciyin amana? An ba ka sunayen bayin Allah ka kwashe su kamar shara! Da a ƙarƙashina yake, wallahi ranar zai kwana a gida ba aiki. Irin waɗannan su suka kashe ƙasa. Ni da ina da jerin nan, da na nuna wa masu dariya cewa babu sunan Kaka a ciki!"

"Baba," in ji Auta.

"Bar ni in faɗa! Mutum ya karɓi albashi..."

"Baba, duba nan."

Yatsarta tana can ƙasan shafin, inda aka rubuta *An kwafa daidai da asali*. A gefe akwai sa hannu, ba ya karantuwa, amma yana da wata jela da ta lanƙwaso ƙarƙashinsa ta yi zagaye uku. Auta ta san jelar nan kamar yunwar cikinta. Shekara goma sha biyu tana ganinta a ƙasan katin sakamakonta na makaranta, har ta taɓa shan bulala a kan ƙoƙarin kwaikwayonta.

Sakatare ya kai gilashin kan wurin. Sa hannunsa ne. Laifi tudu ne, in ji masu magana, sai dai ba kowa ne ake kawo wa nasa tudun a ɗaure cikin baƙin bango, a ajiye masa a tebur ba.

Ranar ta dawo masa tiryan-tiryan. Alhamis ce, ana zafi, ƙarfe huɗu saura kwata. Akwai wata yarinya da ta ce za ta jira shi a wurin tsayawar bas, in ya wuce huɗu ta tafi. Ya ɗaga ragowar shafukan da yatsa, ya ga sunaye rututu, duk na masu ɗaukar kaya. Ya ce a ransa, wa zai taɓa zuwa neman waɗannan? Ya ja layi ɗaya, ya murza jelarsa, ya fita da gudu. Lokacin ba ruwansa da wani kaka, ta gashin kansa da guga a wando yake yi. Yarinyar ita ce ta zama uwar Auta, Allah ya jiƙanta.

Ya matse ƙwaƙwalwarsa ko idonsa ya taɓa sauka a kan sunan a ranar. Ya tuna launin ɗankwalin yarinyar. Ya tuna har lambar bas ɗin. Amma cikin mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya, ko suna ɗaya bai zo masa ba. Wuri ɗaya tak a duniya aka taɓa rubuta sunan mutumin da ya ɗauki gawayi har kansa ya sanƙe don 'ya'yansa su yi karatu, kuma jikansa mai karatun ne ya share shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da bai san yana da wurin jin irinsa ba.

Wayar Auta ta yi ƙara. Ta duba. "Mai ɗab'i ne, Baba. Yana tambayar shafi na bakwai. Ya ce in bai samu yau ba, babu littafi ranar Asabar."

Sakatare ya ajiye gilashin. Ya gyara zaman hularsa, ya yi gyaran murya irin ta ofis.

"Rubuta masa. 'Bincike mai zurfi ya nuna cewa takardun da suka shafi Kaka sun salwanta saboda sakacin wani ma'aikaci.' A sa shi a tsakiyar shafi, da manyan baƙaƙe."

Ta rubuta. "Akawun fa? A cire?"

Ya dubi fararen shafukan. A nan ne ya gane cewa ɓarnar da ya yi ita ce ta rufa masa asiri, domin babu takardar da Direba zai ɗaga a gaban dangi. Ya ji kunyar wannan ta fi ta farko. Amma kunya a ɗaki da mutum biyu daban take da kunya a gaban dangi sittin.

"A bar shi," ya ce, bai dube ta ba. "Wa ke da shaidar ƙaryata mu?"

Auta ta aika saƙon.

Mai tabarau, wadda ta je ɗauko wani fom tun yana cikin zage-zage, ta dawo ta zauna gabansu.

"Baba, tunda zamaninku ne, ko za ka taimaka mana? Muna cike bayanin duk rajistar da aka ɓata, amma mun kasa karanta sa hannun nan. Ka san mai shi?"

Sakatare ya dubi jelar, zagaye uku cif, ko kuskure babu.

"Na san shi," ya ce.

"Yana raye? Da mun so ya zo, ko zai tuna wasu sunayen."

"Ya rasu. Da daɗewa."

"Ayya," ta ce, tana rubutawa. "Allah ya jiƙansa, ya yafe masa."

Ta ɗago tana jira, kamar yadda ake jira. Auta ma ta juyo ta zuba masa ido, ba ta da niyyar taimakonsa.

"Amin," in ji Sakatare.