Kumburi a Jikin Maɗaci

Na'urar ba ta da wayo ko kaɗan, kuma amfaninta ke nan. A girka ta kan ƙafafunta uku a tsakiyar daji, a danna, sai ta kama juyawa tana watsa hasken lesa ko'ina, duk abin da hasken ya taɓa ta ajiye shi ɗigo-ɗigo. Babu ruwanta da ko bishiya ce, ko gidan gara, ko jakar da wani ya yasar. In an koma ofis sai a haɗa ɗigon a kwamfuta, bishiya ta miƙe a kan allo da ɓawonta da karkatarta, a san kaurin gangarta daga gindi har inda ta rabu, a san yawan itacen da ke jikinta ba a sa mata gatari ba. Amma kafin nan sai wani ya zauna ya goge duk abin da ba bishiya ba. Wannan aikin na Yaya ne.

Duk ofishin Yaya suke ce mata, har Oga da ya girme ta nesa ba kusa ba. Ƙanenta Dogo ne ya shigo da sunan, ya bi ta. Su biyu suke fita daji, shi ya ɗauki na'ura, ita ta zaɓi inda za a girka, suna tafe suna faɗa kamar yadda suka saba tun suna yara. Ranar da suka gama awon ƙarshe na bana, Dogo ya koma gida, ya sunkuya a ƙofar ɗakin Mama zai cire takalmi, bai ɗago ba. Likita ya ce zuciya ce.

Duk wanda ya zo gaisuwa magana ɗaya Mama take yi masa: "Bai sha wuya ba. Lafiyarsa lau ya wuni, yana cire takalmi, shi ke nan." Ta maimaita har Yaya ta gane wannan maganar ce ke riƙe da tsohuwar. Daga baya Mama ta roƙe ta abu guda. Hotunan Dogo duk na taro ne, ya sha ado yana washe baki. "Na'urar nan taku da yake cewa tana ɗaukar komai, ba ta taɓa ɗaukarsa ba? In gan shi a tsaye wurin aikinsa." Yaya ta ce za ta duba, ba ta duba ba.

Sai ga Oga wata safiya ya tsaya a bakin teburinta da kofin shayi.

"Yaya, maɗacin nan na bakin rafi, awonsa ya fi na bara da yawa. Kwamfuta ta ce yana da kumburi a gefe. Ko ciki ya ɗauka ba mu sani ba?"

Ya fara dariya, sai ya tuna ranar da aka yi awon, dariyar ta maƙale. Ya juya kofin a hannunsa.

"In da damuwa a ba wani."

"Bar shi, Oga. Zan yi."

Ai ta san kumburin tun kafin ta buɗe. Dokar aikin ita ce da zarar an danna na'ura kowa ya ruga bayan gangar wata bishiya ya ɓoye har ta gama juyawa. To Dogo bai iya ɓuya ba, Allah bai yi masa jikin ɓuya ba. Kullum sai gwiwar hannu ta leƙo, ko ya sosa ƙeya, ko ya kori ƙuda. Kuma mutum in ya motsa a gaban lesa ba mutum yake fitowa ba, wani hayaƙi ne yake shafe ɓawon bishiya, sai ta wuni tana tsince shi. Ta sha yi masa tatas a kan haka. Shi ko sai ya ce, "Yaya, ai albarka nake sa wa bishiyoyin."

Ranar awon ƙarshen nan Dogo ya danna na'urar ya nufi bayan maɗacin, amma bai kai ba, ya tsaya a gefensa ya jingina. Ita tana can laɓe bayan wata bishiyar, bayansa kawai take hangowa. Ranta ya ɓaci, ga rana, ga gajiya. Ta ɗaga murya ta ce, "Ana ganinka! To tsaya nan, kar ka motsa. Gara in goge ka a tsaye da in yi ta bin hayaƙi." Ya tsaya cak. Har ta yi mamaki da babu zolaya, ta ɗauka fushi ya yi.

Yanzu ta jawo maɗacin kusa a kan allo, ta juya shi ta ɓangaren da na'urar ta gani, ɓangaren da ita ba ta gani ba. Ga Dogo. Kafaɗarsa manne da ɓawo, kansa a sunkuye, baki a buɗe. Hannunsa na dama ya damƙi rigarsa a ƙirji, har naɗewar yadin tsakanin yatsunsa ta fito. Tunda take aikin nan ba ta taɓa ganin mutum ya fito tsaf haka ba, ko ɗigo ɗaya bai kauce ba. An ce kar ya motsa, bai motsa ba.

Ta daɗe a zaune. Fankar ofis na ta ƙara, wani a ɗakin gaba yana faɗa da injin buga takarda. Baƙin ciki ya cika ta, da haushin kanta, da haushin Dogo ma, wanda duk rayuwarsa bai ji maganarta ba sai ranar da bai kamata ba. Ga alkawarin da ta yi wa Mama. In ta nuna mata wannan, ta ƙwace mata "bai sha wuya ba". In ta hana, ta hana ta ganin ɗanta.

Sai ta yi abin da hannunta ya iya. Ta kwafi hoton gefe guda, ta zagaye hannun daga gwiwa zuwa yatsu, ta goge. Ta manta, ko ta ƙi tunawa, cewa lesa ba ta ganin bayan abu. Inda hannun ya rufe babu riga, babu komai, sai baƙin rami a ƙirji. Ta ce a ranta ta baya za ta nuna wa Mama, ai ko hasken bai sauka a bayansa ba, siffar ta Dogo ce.

Da yamma ta sami Mama a ɗaki tana ninke wanki a kan gado. Takalman Dogo na nan bakin ƙofa, ɗaya a kwance, ba wanda ya taɓa su. Yaya ta ɗora kwamfutar a kan ƙaramin tebur. Mama ta lalubo tabarau ta sa, ta matso har numfashinta na taɓa allon.

"Shi ne," in ji Mama. "Ga ƙeyar nan. Dubi yadda yake tsayuwa kamar an rataye shi." Ta yi ɗan murmushi. "Juyo min shi."

Yaya ta juya kaɗan.

"Ke, gabansa nake so."

"Mama, ta gaban bai fito da kyau ba."

"Juyo dai."

Yaya ta juyo. Mama ta kalli fuskar, ta kalli ramin.

"Ina hannunsa?"

"Hasken bai kai wurin ba."

Mama ta ɗaga hannunta na dama a hankali, ta damƙi rigarta a ƙirji, daidai wurin, daidai yadda hannun da Yaya ta goge yake.

"Nan yake," ta ce. "Haka ya riƙe da safen yana karyawa. Na ce mene ne, ya ce iska ce ta tokare shi. Na ce to tashi ka tafi, kar ka sa yayarka ta yi ta faɗa."

Yaya ta zauna bakin gado a kan wankin.

"Ni na ce masa kar ya motsa, Mama. Bayansa kawai nake gani."

Mama ta cire tabarau ta goge da bakin zane, ta mayar, ta ci gaba da kallon allon.

"Ai yana jin magana," ta ce.

Ba su yi kuka tare ba. Kowacce ta juya gefenta ta yi nata. Daga ranar Yaya ba ta sake jin Mama ta ce wa kowa bai sha wuya ba. In an yi mata gaisuwa sai ta ce ta gode.

Washegari Yaya ta koma ofis ta buɗe ainihin awon. Ta zagaye Dogo daga kai har takalmi, a hankali, don kar ta taɓa ɓawon da ke kusa da kafaɗarsa, sannan ta goge. Kumburin ya tafi. A jikin maɗacin sai ga gurbi dogo, sunkuyayye, da kai da kafaɗa, inda haske bai taɓa sauka ba.

Kwamfutar ta tambaya ko ta cike gurbin da ƙiyasi. Oga ya leƙo ta ƙofa ya ce, "Ya yi daidai yanzu?"

"Saura cikewa," in ji Yaya, hannunta na kan cinyarta.