Fam ɗin Baba a Kan Rufi

Da kogin ya fasa ganuwar ƙasar da aka tare shi da ita, hantsi bai gama ɗagawa ba, amma kafin a yi wani abu ruwa ya kai gwiwa a layinsu na unguwar Toukra, a babban birnin Chadi. Malam Zakariya, tsohon mahauci da ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida, ya riga ya fita bakin titi tare da matarsa Hamdiyya, inda motar wani maƙwabci ke kwasar mutane. Sai ya ce mata ta hau, shi zai koma ya ɗauko akwatinsa. Ta san wane akwati yake nufi, ta kuma san ba zai iya dawowa shi kaɗai da wannan ƙafar ba, don haka ta bi shi tana faɗa. Kafin su fito, mota ta tafi, ruwa ya kai ƙugu. Da ƙyar suka taka tsani suka hau rufin ɗakin bulo guda ɗaya da ke gidan.

Akwatin ƙarfe ne ƙarami, cike da tsofaffin takardun kuɗi waɗanda ko gishiri ba za su saya ba a yau. Shekara arba'in Zakariya yana tara su. Fatake masu kawo shanu sukan ba shi na Sudan da na Kamaru, wasu kuma ya samo su wurin tsofaffin unguwar Paris-Congo. Amma tushen abin takarda ɗaya ce, fam guda na zamanin Turawa mai hoton kwakwar manja a bakin ruwa, da rubutun Larabci a bayanta. Mahaifinsa ne ya taso da ita daga Haɗeja a ƙafa zai tafi Makka. Ya yada zango a garin nan lokacin ana kiransa Fort-Lamy, matarsa ta kwanta ciwo, damina ta wuce, wata ta zo, har aka daina karɓar kuɗin yana nan yana cewa baɗi zai wuce. A nan aka binne shi.

A kan rufin babu inuwa ko ta tafin hannu. Kwanon rufin ya ɗauki zafi, duk inda suka juya ruwa ne ja mai ɗauke da buta da katifa da mushen kaji. Wayar Zakariya ta jiƙe ta mutu. Hamdiyya ta juya masa baya, ta ce shekara talatin tana haƙuri da takardun nan, yau ga shi sun kai su inda za su kai su. Ya san gaskiyarta ce.

Da ya buɗe akwatin sai ya ga ɓarna. Ruwa ya shiga ta gindi, takardun sun manne da juna kamar ganyen da aka dafa. Ya sa yatsa zai ɓamɓaro ta sama, sai gefenta ya yage. Hamdiyya ta ji ƙarar numfashinsa ta waiwayo.

"Kawo nan, Malam. Yatsunka na saran nama ne."

Ta zare tsinken kitso daga gashinta, ta riƙa zura shi a hankali tsakanin takarda da takarda. Wadda ta fita sai ta shimfiɗa ta a kan mayafinta, shi kuma ya danne da tsakuwar da ke kan rufin. Takardar jaka guda ta Chadi mai hoton ɓauna ta fita lafiya. Ta Sudan mai raƙumi ta bar rabin launinta a jikin maƙwabciyarta. Tana aiki tana tambayarsa wace ce wannan matar mai kwando, me ya sa aka zana jirgin ruwa a waccan, shi kuma yana ba ta amsa. Suka yi azahar da taimama a zaune. Katangar ƙasa ta gidan ta zube suna kallo, ba ƙara sosai, sai ruwan da ya yi kumfa a wurin.

Fam ɗin mahaifinsa shi ne a can ƙasa, inda ruwa ya fi zama. Hamdiyya ta daɗe a kansa, har gumi na ɗiga daga haɓarta. Fam ɗin ya fita a rabe gida biyu. Ta haɗa ɓangarorin a tafin hannunta, ta ce rubutun Larabcin dai yana karantuwa. Zakariya ya karɓa ya duba, ya ga haka ne.

Bayan la'asar wani masunci mai suna Taufiq ya iso da kwalekwale, cike da mata da jarirai har ruwa na lasar bakinsa. Ya ce mutum ɗaya kawai zai iya ƙarawa, kuma ba ya alkawarin dawowa kafin rana ta faɗi, amma zai gwada. Hamdiyya ta ce ba inda za ta je ta bar mai ciwon ƙafa. Zakariya ya naɗe mayafin da takardun a ciki, ya miƙa mata.

"Idan kika zauna, duka za mu jiƙe. Ki tafi da su, Maman Fadima."

Ta sauka tana riƙe da ƙunshin a kanta. Ya bi kwalekwalen da ido har ya sha kwana a bayan masallaci. Daga nan sai shi kaɗai da akwati ba komai ciki, yana lissafin layukan bulon da suka rage a sama da ruwa. Biyar ne, suka koma huɗu. Ya yi ta kiran sunan Allah, ƙafar tana masa zugi.

Taufiq ya dawo rana tana ja. A sansanin da aka kafa wa mutanen unguwa, Zakariya ya iske Hamdiyya ta jera takardun tsakanin shafukan littafin makarantar wata maƙwabciya, ta zauna a kai don su miƙe. Wata biyu suka yi a cikin tanti, kullum ana cewa ruwa ya kusa janyewa. Da suka koma, ɗakin bulon nan kaɗai suka tarar a tsaye, da laka har taga.